Hannunki Shi Ne Mudunki: Kayan Marmari Nawa Ya Kamata Mai Son Rage Ƙiba Ta Sha?

Jawabin da wata 'yar ƙungiya, mai sayar da kayan marmari da kayan miya a kasuwar Zuru, ta gabatar ranar bikin zagayowar shekarar kafa ƙungiyarmu

 

Uwar ƙungiya, shugabanninmu, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka daure suka zo suka zauna cikin taron mata, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Waɗanda suka taso daga Dabai da Rikoto da Senchi da Manga, har da baƙinmu na Ribah da Mahuta da Dirin Daji, sannunku da hanya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi magana a kan kayan marmari da ƙiba. Na san akwai wadda ta ce a ranta, yau ranar lissafin riba ce da rabon kyaututtuka, me ya kawo zancen mangwaro da teɓa? To ku tambayi ma'ajiyarmu. In mace ta kasa zubi, ko ta kasa biyan rance a kan lokaci, sau nawa ne dalilin ke zama caca ko almubazzaranci? Da wuya. Kusan kullum ciwo ne. Hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa da ke hana mace tsayuwa a rumfa. Maganin hawan jini da na suga ba a sayensu sau ɗaya a huta, kowane wata sai an saya, kuma daga cikin jari ake cira. Saboda haka zancen lafiyar jikinmu zancen asusun ƙungiya ne. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Kayan marmarin nan ni ke kasa su a tebur, ni ke ganin wadda ta saya da yawan da ta saya. Lissafin da za ku ji kuwa, daga bakin ma'aikatan lafiya na samo shi, da takardun da muke karantawa a ajin yaƙi da jahilci.

Wace ce ke buƙatar ragewa?

A wajenmu, in amarya ta yi wata shida ta ciko, sai a ce lallai maigida na kula da ita. In 'yar kasuwa ta yi jiki, a ce Hajiya ko Mama ta samu, kasuwa ta yi kyau. In kuma kika rame, sai a fara raɗa, ko ciwo, ko kishiya, ko bashi. Shi ya sa wasunmu ko sun ji jikinsu ya yi musu nauyi, kunya ba ta barinsu su ce suna son ragewa.

Binciken lafiya da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin mata 100 'yan shekara 15 zuwa 49, mata 28 nauyinsu ya wuce ƙima, mata 12 kuma sun rame fiye da ƙima. Mata 58 cikin 100 na fama da ƙarancin jini. Kun ga ke nan ba kowa ce za a ce wa ta rage ba. A cikin ɗakin nan akwai wadda ƙari take buƙata. Akwai kuma mai jiki sosai amma jininta bai isa ba, don ƙiba daban, ƙoshin lafiya daban.

Yaya za ki san inda kika tsaya? Kitsen da ya fi haɗari shi ne na tumbi. Ki ari tef ɗin tela, ki zagaya cikinki daidai wajen cibiya, kada ki shanye ciki. Ga mace, in ya wuce santimita 80, wato inci 31 da rabi, a fara lura. In ya kai santimita 88, kusan inci 35, to lokaci ya yi da za a tashi tsaye. Wadda ba ta karanta lamba ba, ga hanya mai sauƙi: ki sami igiya, a auna tsawonki daga ƙasa zuwa tsakar kai, a yanke. Ki ninka ta biyu. In wannan rabin ya zagaye cikinki ya haɗu, alhamdu lillahi. In ya ƙi haɗuwa, maganar yau taki ce.

Kuma ba wai sai kin koma kamar ranar da aka kai ki ɗaki ba. Ma'aikatan lafiya sun ce mai kilo 80 in ta rage kilo 4 zuwa 8 kawai, za a ga canji a awon jininta da na suganta. Rabin kilo a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sunan ma shi ya fara ɓata mu

Ku duba sunan da muka ba su: kayan marmari. Wato abin da ake ci sai an yi marmari. Shi ya sa a gidajenmu da yawa ba a ganin lemo da ayaba sai an kwantar da wani a asibiti za a je dubiya, ko azumi ya kama, ko Kirsimeti, ko Uhola an yi baƙi. Sai mace ta yi wata uku ba ta sa ko gwaiba ɗaya a bakinta ba. Amma bari bazara ta yi, mangwaro ya nuna ya fara zuba a ƙasa, ita ce za ta jawo daro ta zauna gindin bishiya, ba za ta tashi ba sai ƙwallo ya taru kamar kashin kasuwa.

Duka biyun ba daidai ba ne. Jiki ba rumbu ba ne da za ki cika shi da mangwaro a watan Afrilu ya kai ki Disamba. Wasu sinadaran da ke cikin 'ya'yan itace, kamar bitamin C, jiki ba ya ajiye su da yawa, abin da ya yi saura fitsari ke fitar da shi. Amma zaƙin da ya yi yawa, wannan kam jiki ya iya ajiyarsa, kitse yake mai da shi. Abin da ake so shi ne kaɗan, kullum. Mu 'yan adashi ai ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san yadda zubin mako-mako ke zama kwasa.

To nawa ne?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyayyaki a yini. An raba shi kashi biyar, kowane kashi giram 80. Ku lura da kyau, ba a lissafa rogo da doya da dankali a ciki, waɗannan sahun tuwo suke. Kuma biyar ɗin nan ba duka 'ya'yan itace ba ne. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2021 ya nuna cewa rabon da ya fi tafiya da tsawon rai shi ne kashi biyu na 'ya'yan itace, kashi uku na ganye da kayan lambu.

Ga amsar ke nan a taƙaice. Mai son rage ƙiba ta sha kashi biyu a yini. Ranar da ta yi aikin ƙarfi, ko ta je gona, ko ta yi doguwar tafiya da ƙafa, uku ba laifi. Sauran ukun ta cike su da zogale, rama, alayyafo, yakuwa, tafasa, kuɓewa, kabeji, karas, kabewa, yalo, tumatir da kokwamba.

Yanzu za ku ce wa zai riƙa yawo da sikeli yana auna giram 80? Babu buƙata. Allah ya ba kowace mace mudunta a jikinta. Ki dunƙule hannunki ki duba. Abin da ya kai girman wannan dunƙulen, ko abin da zai cika tafin hannunki ɗaya, shi ne kashi guda. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Bari in lissafo muku da kayan teburina:

Lemon zaƙi matsakaici, guda ɗaya.
Ayaba babba guda ɗaya, ko ƙanana biyu.
Gwaiba babba ɗaya, ko ƙanana biyu.
Mangwaro ƙarami irin mai zare, guda ɗaya. In babba ne irin paparanda ko ɗan Kamaru, ɓari ɗaya ya isa, ki ba yaro ɗaya ɓarin.
Gwanda, abarba ko kankana, yanka guda mai kyau irin wanda masu baro ke sayarwa.
Ɗinya, kanya, magarya, kaɗanya, cikin tafin hannu ɗaya.
Dabino kuwa, ƙwara uku. Na ce uku, ban ce cikin hannu ba, kuma yanzu zan gaya muku dalili.

Abin daɗin wannan mudu shi ne, hannun yaro ƙarami ne, rabonsa ƙarami. Hannun maigida babba ne, rabonsa babba. Babu rigima.

Duk kayan marmari ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba

Akwai wani ma'auni da ake kira kalori, da shi ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ku ɗauke shi kamar kuɗin shiga. Mace matsakaiciya na kashe wajen kalori 2000 a yini, a numfashi da tafiya da aikin gida. In abin da ya shiga ya fi abin da aka kashe, sai jiki ya kai rarar ajiya, kuma bankinsa shi ne tumbi da cinya da damtse.

A cikin giram 100, kankana na da kalori wajen 30, gwanda 43, lemo 47, abarba 50, mangwaro 60, gwaiba 68, ayaba 89. Dabino kuwa wajen 280. Me ya sa? Kankana kusan duk ruwa ce, dabino kuma ruwansa ya bushe saura zaƙi tsantsa. Duk ɗan itacen da aka shanya haka yake, ya ƙanƙance a ido amma zaƙinsa na nan bai je ko'ina ba. Don haka ranar da yunwa ta dame ki kuma kina son abin da zai cika ciki, ki nufi kankana da gwanda da lemo. Ayaba da dabino, a yi musu ƙidaya.

Mu koma kan daron mangwaron nan. Ƙaramin mangwaro guda, in an cire ƙwallo da ɓawo, bai wuce kalori 60 ba, ba wani abu ba ne. Amma goma fa? Kalori 600 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin yini guda, kuma na rantse babu wadda ke fasa cin tuwon dare don ta sha mangwaro goma da rana. Musamman binta suga, sunanta ma ya faɗa muku halinta. Ni riba ta ce ku sayi daro guda, amma gaskiya ita ce gara ku sayi daron ku raba wa gida duka, da maƙwabta, ku dawo gobe ku sake saye.

Sai dai kada mu ɗora wa mangwaro laifin da ba nasa ba. Cokali ɗaya na cin abinci na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120, daidai da ƙananan mangwaro biyu. Ku tuna ludayi nawa muke zubawa a miya, da man da ƙosai da fanke da awara ke sha a kasko. Soyayyar gyaɗar da muke watsawa a baki muna jiran mai saye, giram 100 nata ya haura kalori 550. Wadda ta daina shan lemo wai tana tsoron ƙiba, amma ba ta rage mai da malmalar tuwo ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

Lemo biyu gare mu, kada mu rikita su

Hausa ta haɗa mana abu biyu da suna ɗaya: lemon ɓawo da lemon kwalba. Tun da na iya karatu, ba na barin kwalba ta wuce ni ban juya bayanta na duba rubutun ba. Da yawa cikinsu suna da suga giram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100. Roba guda ta santilita 50 ta haura giram 50 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce giram 50 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi 12, in ma da hali a tsaya a rabin haka. Kun ga roba ɗaya ta cinye rabon yini gaba ɗaya, ba a zo kan sugan koko da na shayi da na fura ba. Na malt da muke cewa yana ƙara jini, shi ma suga ne cike da shi. Gwamnatin tarayya da kanta ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022.

Wata za ta ce, to ni na daina na kwalba, na gida nake matsewa. Sannu da ƙoƙari, amma tsaya ki ji. Ruwan lemon da aka matse aka tace, hukumar nan ta sa shi sahu ɗaya da suga da zuma a wajen lissafi. Dalili shi ne, amfanin ɗan itace ga mai rage ƙiba yana cikin tuƙar nan da muke tacewa mu zubar, wannan zare-zaren da ke maƙalewa a haƙori, wanda ma'aikatan lafiya ke kira faiba. Ita ce ke cika ciki, ita ce ke sa zaƙi ya shiga jini a hankali, ita ce kuma ke sauƙaƙa bayan gida. Kofi ɗaya sai an matse lemo uku ko huɗu, ki shanye shi cikin minti ɗaya, ba ki ƙoshi ba. Amma zauna ki ɓare lemo uku ki cinye har da tuƙar, kafin ki gama na biyu kin gaji. Har yadda muke fere lemo mu tsotse mu yar da sauran, rabin amfanin ne muke ba awaki. Ki yanka shi huɗu ki cinye cikin.

Haka zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da ruwan tsamiya da na kuka. Su kansu ba su da laifi, gwangwanin sugan da muke juyewa ne matsala. Haka kuma haɗin kayan marmari na biki, wanda ake yayyanka kankana da abarba da ayaba sannan a kwarara musu madarar gwangwani da suga. Ku bar su yadda Allah ya yi su, zaƙinsu ya isa.

A madadin, ba a kan ƙari ba

In kun manta komai, ku riƙe wannan. Kayan marmari ba sa narkar da kitse. Suna taimaka wa mai rage ƙiba ne idan sun tare gurbin wani abu da ya fi su nauyi. In kika ci fankenki kika sha lemon kwalbarki kamar kullum, sannan kika ɗora ayaba biyu a kai wai don lafiya, kin ƙara ne, ba ki rage ba.

Mu ɗauki yinin 'yar kasuwa. Tun safe muna zaune a kan benci. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya baki ya fara neman abin taɓawa, ga mai cincin ta wuce, ga mai fanke, ga yaro da bokitin sanyi. Nan ne wurin kashi na farko: gwaiba biyu ko yankan gwanda, da ruwa. Da la'asar, lokacin da jiki ya yi sanyi ido ya fara lumshewa, nan ne wurin na biyu. Ko kuma ki sha yankan kankana ko lemo guda kafin ki sa hannu a tuwon dare, za ki ga malmala ɗaya ta ishe ki a inda da sai biyu. Ga masu ƙarancin jini kuma akwai ƙarin riba: bitamin C da ke cikin lemo da gwaiba yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, in an ci su tare. Gwaibar nan da muke rainawa ta ninka lemo wajen sau huɗu a bitamin C.

Da azumi, dabino uku da ruwa da yankan kankana a buɗa baki ya yi daidai. Abin da ke sa wasu su fito daga Ramadan sun fi yadda suka shiga shi ne tiren soye-soye da kofunan kunu mai suga da ke biyo baya. 'Yan'uwanmu Kirista, ku ma kun san abin da kiret ɗin lemo da bokitin cincin ke yi daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara.

Kuma a motsa jiki. Ana so babba ya samu minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Iyayenmu sun yi daka da surfe da niƙa, sun hau duwatsun nan namu da itace a ka. Mu kuwa inji ke mana niƙa, daga ƙofar gida zuwa kasuwa sai mun tsai da ɗan acaɓa. Wadda gidanta ba nisa, ta tako da ƙafa ko da dawowa ce.

Maganganun da nake ji a bakin tebur

Na ɗaya, wai mangwaro na kawo zazzaɓi. Sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Abin da mangwaro ke kawowa shi ne gudawa, in an tsinto shi a ƙasa ƙuda ya gama hawa aka sha ba a wanke ba. A wanke da ruwa mai tsabta, a wanke hannu.

Na biyu, wai lemon tsami da ruwan zafi da sassafe na narkar da teɓa. Ba ya narkarwa. In kin sha shi a madadin shayi mai suga cokali huɗu, sugan da kika bari ne ya taimake ki. Yawan tsamin kuma na cin haƙori, yana tayar wa masu gyambon ciki da ciwonsu.

Na uku, wai a yi mako guda ba a cin komai sai kayan marmari. Jiri za ki yi ta gani a rumfa, ki kasa ba da canji daidai, ranar da kika gaji kuma ki rama da kwano biyu. Jiki na buƙatar wake, kifi, ƙwai, nono, nama daidai hali, da tuwon dawarmu daidai misali.

Na huɗu, wai mai ciwon suga ba ta kusantar kayan marmari ko kaɗan. Yawancin masu ciwon suga an yarda su sha, amma kashi ɗaya a lokaci guda, a raba tsakani, a tauna ba a matse ba, a fi karkata ga gwaiba da lemo da gwanda, a yi hankali da dabino da ayabar da ta nuna luguf. Amma mai shan magani ko yin allura ta zauna da likitanta su tsara, kada ta ce mai tebur a kasuwa ta ce. Mai ciwon ƙoda ma haka, don akan taƙaita musu ayaba da lemo. Mai juna biyu kuwa, ba lokacin rage ƙiba ba ne, ta ci kayan marmarinta ta bi abin da aka gaya mata a wajen awo.

Sai roƙona ga 'yan matanmu da amare. Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake sha don a yi ƙiba kafin biki, wasunsu magungunan wasu cututtuka ne daban, kuma shansu barkatai na jawo hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska. Shayin rage teɓa da ake tallarsa a waya kuma, da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, ruwan jiki ne ke fita ba kitse ba. Uwa na neman ragewa da shayi, 'ya na neman ƙarawa da ƙwaya, mai kanti na cin riba a wajen su biyun.

Ina kuɗin saye?

Na san halin da ake ciki. Mudun dawa ma sai an yi da gaske, balle tuffa. To wa ya ce sai tuffa da inabi da ake kawowa daga waje? Ki bi lokaci, abin da ya yi yawa a kasuwa shi ne mai araha kuma shi ne sabo. Da bazara ga yazawa da mangwaro da ɗorawa. Da damina ga kaɗanya, gwaiba na biye. Da kaka zuwa hunturu motocin lemo na shigowa daga Binuwai, ga ɗinya, ga kanya da magarya da kuka. Da rani ga kankanar masu noman rani, ga goriba. Gwanda kuwa, in kina da ita a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke bi, kusan duk shekara tana ba ki.

Gaskiya ne, rashin tsaron da ya addabi ƙasar Zuru a shekarun nan, musamman wajen Danko-Wasagu da Sakaba, ya sa mata ba sa iya nisa cikin daji tsintar kaɗanya da ɗinya kamar da. Allah ya kawo mana ƙarshensa. Wannan ma ƙarin dalili ne na mu dawo da itatuwan cikin gida.

Mu masu sayarwa kuma akwai amana a wuyanmu. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan nunar da ayaba da mangwaro da kabaid, sinadarin nan na masu walda, saboda yana cutarwa. Alamarsa, ki ga ɓawo ya yi rawaya shar amma ciki da tauri, babu ƙamshi, babu zaƙi. Kada 'yar ƙungiyar nan ta sayar wa 'yar'uwarta abin da ba za ta ba ɗanta ba.

Shawarata ga ƙungiya

Uwar ƙungiya, ina da roƙo huɗu, a sa su a littafin taro.

Na farko, a fitar da wani abu daga ribar bana a sayi sikelin awon mutum, da tef, da na'urar awon jini. Cikinmu da 'ya'yanmu akwai ma'aikatan lafiya, su riƙa duba mu ranar taron wata, kowace ta rubuta nata a bayan katin zubinta.

Na biyu, a taronmu na wata-wata, kuɗin da ake sayen kiret ɗin lemo a sayi kayan marmarin da ake yayi da ruwan sha. Kuɗin ma wajen 'yan ƙungiya zai dawo.

Na uku, kowace mace ta dasa gwanda biyu da gwaiba ɗaya da zogale a gidanta da daminar nan. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garinmu tun 2020, shugabanni su rubuta takarda mu nemi shawararsu a kan iri mai kyau.

Na huɗu, mangwaron da ke ruɓewa a gindin bishiya kowace bazara, mu koyi yanka shi da shanya shi cikin tsabta, ya zama sana'a. Amma a tuna, busasshe ɗan'uwan dabino ne, rabin tafin hannu ya isa.

Mazajenmu, ku ma ban bar ku ba, igiyar nan har ku tana aunawa. In uwargida ta ce za ta rage, kada a ce mata mutane za su ce ba a ciyar da ita. In za a shigo gida da tsaraba da dare, wata rana a bar tsire da lemon kwalba, a riƙo kankana.

Iyayena, 'yan'uwana, kashi biyu a yini, da mudun hannunki, a tauna, kuma a madadin soye-soye da zaƙin kwalba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Inda na yi daidai daga Allah ne, wanda na ɓata wa rai da zancen tumbi ya yafe mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasar Zuru da Jihar Kebbi da Najeriya lafiya, ya sa albarka a jarinmu, ya nuna mana baɗi war haka da rai da lafiya.